Uwar da Ba Ta Yi Kuka Ba

"Faɗi sunan ɗanki da aka kashe," in ji jami'in bincike.

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. "Yaron nan dai, ranka ya daɗe."

Ya yi murmushi. A wasan gano makashi da yake bugawa kullum a wayarsa, duk wanda bai zubar da hawaye ba shi ne mai laifi. Baƙo ne a Jos, bai san cewa a unguwar Gangare mata irinta ba sa kiran sunan ɗan fari ba, balle su yi masa kuka a idon jama'a.

Ya sa aka kulle ta.

Da ta ga babu kowa, sai ta kurma ihu, ta kira sunan, karo na farko a rayuwarta.

Daga ofishinsa ya ja tsaki, ya ƙara wa wayar murya. Tana hana shi jin bayanin shaida a cikin wasan.