Kwana Uku a Tafki

"Ni na yarda," in ji dagacin, "amma dattawana ba za su dangwala yatsa ba. Ba ku san taurin kansu ba."

Dagatai huɗu ne a wani ofis a Dutse, shekarar da aka yanke jiha, ana rabon kwanakin ban ruwa daga tafkin da ke tsakanin garuruwansu. An hana kowa jan ruwa sai dattawan kowane gari sun amince. Kowa yana son kwana biyu, mako kuwa bai ƙaru ba tun da aka halicce shi. Duk sanda dagacin nan ya ambaci dattawansa sai a sakar masa rabin yini, har ya tashi da kwana uku.

Dattawan nan shekara ashirin ba su taɓa ce masa a'a ba.

A hanyar gida yana gyangyaɗi, yana ganin lambun albasa kore shar har inda sama ta taɓa ƙasa.

Labari ya riga shi isa. Ya tarar da dattawan a gindin tsamiya, kowa ya sha rawani.

"Ranka ya daɗe, an ce har a Dutse ana shakkarmu," in ji babbansu yana murmushi. "To kwana uku ai raini ne. Koma ka ce huɗu."

Aka yi ta komawa Dutse, wata yana bin wata. Ranar da suka dangwala, balbela tana takawa a tsakiyar tafkin, ƙafarta ko jiƙewa ba ta yi ba.