Ranar da Kaka Ta Kai Ni Bakin Rafi

Har yau in na ji warin laka, sai gabana ya faɗi.

Na kai shekara biyar ba na magana, ba na kallon idon mutane, sai dai in zauna in yi ta jijjiga jikina. A ƙauyenmu aka ce ɗan ruwa ne ni, wai aljanu sun musanya wa Inna jaririnta.

Wata la'asar da Inna ta tafi barka, Kaka ta goya ni zuwa rafin bayan gonar gyaɗa. Ta tuɓe mini riga, ta zaunar da ni dab da ruwan.

"In naku ne, ku zo ku ɗauki abinku," ta ce wa ruwan, sannan ta laɓe bayan wata bishiyar kuka.

Duk na ji, na kuma gane. Ruwan yana lasar ƙafata, inuwar kukar tana matsowa. Ba wanda ya zo.

Yanzu likita ya ce lalurar galahanga ce, wadda ta shafi ƙwaƙwalwa, ba aljanu ba. Ina jijjiga jikina a gaban kowa, ba kunya. Amma ranar, da Kaka ta sake goya ni zuwa gida tana hawaye, har ta rasu ban san ko na murna ne ba.