Zoben da Ya Maƙale a Goruba

Zoben ya maƙale a gorubar farko, a gaban ɗalibai sittin da mai duba malamai da ya zo daga Damagaram. Da darasin yau za a tabbatar da Madam a aikin koyarwa a lise, wato makarantar sakandare, ta Gure, ko a sallame ta.

Doguwar igiya ta naɗe a jikin goruba bakwai. Ta ce wa ajin igiyar ita ce ADN, zaren gado da ke cikin ƙwayar halitta, gorubar kuwa histon ne, waɗanda ADN ɗin yake naɗe a kansu. Zoben ƙarfen da ta zura wa igiyar shi ne polimeraz, mai bin igiyar yana kwafe saƙo. Sai dai ba ta gwada abin a gida ba.

"Madam, ai sai an sassauta masa," in ji wata ɗaliba.

"Yawwa, haka ake yi a ƙwayar halitta! Taso ke da ƙawarki. Ke ki warware igiyar a gabansa, ita ta mayar a bayansa."

Zobe ya kama hanya, aji ya ɗau tafi. Ana kan ta biyar, gorubar ta suɓuce, ta gangara. Madam ta bi ta da ido har ƙarƙashin kujerar baƙon mai murtuke fuska.

Ya ɗauka, ya goge da hannun riga, ya hau gwaigwaya.

"Ci gaba, Madam," ya ce, baki cike. "A ƙwayar halitta ma, in kwafi ya yi gaggawa, cire histon ɗin ake yi gaba ɗaya."