Teburin Mutum Biyar

Alhaji Dikko ya miƙa wa mai tsaron ƙofar gidan abincin hannunsa, aka haska ɗan awarwaron robar da ke ɗaure a wuyan hannun. Sannan ya juya ya ce wa na bayansa, "Kowa ya nuna nasa." Na'ura ta yi ƙara sau biyar, aka ba su hanya.

Tun watan Satumba ya biya komai daga Kano: kwana uku a wannan otal na bakin teku mai filin wasan ruwa, da abincin mutum biyar, safe da rana da yamma, a duk gidan abincin da suka ga dama a cikin harabar. Shekararsa goma sha ɗaya yana zuwa Dubai saro takalma a kasuwar Naif, kullum shinkafar leda yake ci a tsaye tsakanin kwalaye. Bana ya ce sai ya zauna ya ci a natse, yara suna hayaniya a gefensa. Yau ce ranar ƙarshe.

Edwin, wani ɗan Kagoro da ke hidimar tebura a wurin, ya tarbe su yana murmushi.

"Baba, yau tebur ya cika. Jiya da shekaranjiya kai kaɗai, ko rabin faranti ba ka ci ba."

"Yau Allah ya kawo su," in ji Alhaji Dikko, yana ja wa yaran kujeru.

Salmanu, uban yaran, ya ɗosana a bakin kujera, ya buɗe takardar abinci, idonsa ya tafi kai tsaye gefen da aka jera farashi. Dattijon ya zare takardar daga hannunsa ya kife.

"Wannan gefen ba naka ba ne. An riga an gama da shi."

Barira, matar Salmanu, ta sunkuyar da kai tana dariya. 'Yan matansu biyu kuwa, kitsonsu bai ma bushe daga wasan ruwa ba, tuni suka hango inda cakulan ke kwarara kamar famfo. Alhaji Dikko ya riƙo hannayensu, babbar yana ce mata ƙawata, ƙaramar amaryata, ya zagaya da su. Ya cika wa babbar faranti da gasasshen kifi. Ta dube shi, ta dubi uwarta.

"Ba ta cin kifi, Baba," in ji Barira. "Tun tana ƙarama."

"To, ni na samu," ya ce, ya jawo farantin gabansa, ya koma ya ɗebo mata kaza.

Ana cikin ci wayarsa ta yi ƙara. Hajiya Mero ce, maiɗakinsa, daga Kano. Ta tambaye shi ko yau ya ci abin kirki. Sai ya ɗaga wayar sama ta ji ƙarar cokula da musun yara a kan wa ya fi wani tsoron gangarar ruwa. Da ya mayar kunne ya ji tana dariya tana cewa alhamdulillahi.

Bayan la'asar suka sake komawa cikin ruwa. Shi ya zauna a inuwa yana gadin takalma da jakar Barira, duk wanda ya gangaro ya tafa masa. Har Salmanu sai da ya saki jiki ya hau gangarar da ta fi tsayi, ya sauko yana salati, yaran suna yi masa tsiya.

Da yamma yaran suka nace a koma wurin cakulan. Sun kusa gama ci ke nan sai ga shugabar ma'aikatan wurin, wata doguwar mata riƙe da takarda, ta nufo teburinsu. Edwin da wasu uku suna biye da ita. Salmanu ya ajiye cokali. Barira ta jawo ƙaramar jikinta.

Matar ta duba takardar, ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ta yi magana da Turanci. Edwin ya fassara.

"Tana tambaya, wace ce Suwaiba?"

Yaran suka kalli juna. Sai a lokacin Alhaji Dikko ya tuna da abin da ya sa aka rubuta masa a takardar tun ranar da ya biya. Ya kama hannun ƙaramar ya ɗaga sama.

"Ga ta nan. Kunya take ji."

Ma'aikatan suka dare, sai ga kek mai kyandir shida. Aka yi waƙar murnar ranar haihuwa, har mutanen teburan maƙwabta suka taya da tafi. Yarinyar ta hura sau uku kafin kyandirorin su mutu, Edwin ya ɗauke su hoto da wayar dattijon, kowa bakinsa da cakulan. Alhaji Dikko ya ci yanka biyu, shi da likita ya hana zaƙi.

Ana kiran magariba ya rako su inda ake hawa tasi. Ƙaramar ta yi barci a kafaɗarsa, sai da Barira ta ɓamɓare yatsunta daga wuyan rigarsa. Ya miƙa wa babbar ragowar kek ɗin a kwali. Salmanu ya durƙusa ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba.

"Baba, Allah ya saka da alheri. Allah ya sa bizar jikokinka ta fito baɗi, Suwaiba ta zo ta hura nata da kanta. Amma tun da ka tsayar da mu a bakin ƙofa da safe, mun ga kuɗin shiga mun juya za mu koma gida, ban samu na tambaye ka ba. Baba, don Allah mene ne sunanka?"