Kuskuren Kan Allo

Da gangan na rubuta bakwai sau takwas hamsin da huɗu, na ƙyafta wa ɗalibaina ido su yi shiru.

A bencin baya tsohon malamina na lissafi ke zaune. 'Yarsa ce ta kawo shi, ta ce har sunanta ya manta.

Duk tsawon koyarwarsa, kullum sai ya ɓoye kuskure ɗaya a allo. Wanda ya gano, shi ke karɓar alli ya gyara. Haka ya hana mu haɗiye magana don kawai babba ya faɗa.

Can sai hannun tsohon malamin ya ɗagu. 'Yarsa ta dafe baki.

"Malama," in ji shi, "da sake. Miƙo allin."