Zuciyarta a Hannun Inji

"Likita, don Allah kar ka ɓoye mini. Matata za ta tashi?"

Tela ya riƙe hannun likitan gam, idonsa na kan gilashin ɗakin. Can ciki matarsa ce kwance, jininta na bi ta wata roba zuwa cikin inji yana komowa jikinta.

"Baba, firgici ne ya kassara mata zuciya bayan tiyatar. Injin nan ne ke harba mata jini har zuciyar ta huta. Da yawa suna farfaɗowa, amma ban yi maka alkawari ba."

"Shekara talatin muna tare, ko ciwon kai ba ta cika yi ba! Ku cire tawa zuciyar ku sa mata!"

Ya yunƙura zai miƙe, 'yarsa ta danne shi a kan keken marasa lafiya tana kuka.

"Baba, ɗinkinka zai farke!"

Shi aka yi wa tiyatar. Ita matar jira kawai ta yi a bakin ƙofa, awa shida. Da aka turo shi a lulluɓe saboda sanyi, sai ta zaci gawa ce.