Zanen Malam Maharazu a Gonar Gero

Ranar Talata, 3 ga Satumba, 2024, da ƙarfe tara saura kwata na safe, aka fara cin mutuncin Malam Maharazu, tsohon hedimasta a Buji. A ranar ce Asher Tagwai, mai zane, ya jingine babur a bakin gonar Malam, ya kafa allonsa.

Asher ba sabon shiga ba ne. Shekara ashirin ke nan, da ya samu hutu sai ya fita daga Dutse ya zano rumbuna, masussuka, shanun huɗa, mata a bakin rijiya. Mai irin wannan daɗewa a sana'a bai kamata ya yi aiki daga nesa ba. Amma daga bakin hanya ya hango shuɗiyar babbar riga da jar dara a tsakiyar gero, ya ɗaga murya: "Baba Malam, barka da aiki! Don Allah a tsaya haka!"

Aka tsaya. Kwana uku yana zuwa.

A watan Nuwamba aka baje zane-zanensa a wani zaure a unguwar Takur da ke Dutse. Wanda ya fi tara jama'a shi ne "Malam Maharazu a Gonarsa": hannuwa a buɗe, kai a ɗan karkace, ba tsuntsu ko ɗaya a kusa.

"Ban taɓa samun mai haƙuri irinsa ba," in ji Asher. "Ko gaisuwata bai amsa ba, don kada ya ɓata mini aiki."

Tsofaffin ɗaliban Malam suka yi cincirindo. Wani ya ce, "Wallahi shi ne! Haka yake tsare mu a ƙofar aji." Wata ta ce har gabanta ya faɗi. Hajiya Fatsuma, matar Malam, ta duba sau ɗaya, ta toshe baki da mayafi, ta fice kafaɗunta na rawa. Yanzu kuma ƙungiyar ɗaliban na shirin buga zanen a kalandar baɗi, kowane gida ya rataya.

Malam ba ya neman diyya. Buƙatunsa biyu ne: a dakatar da kalandar. Sannan dole Asher ya fito rediyo ya ba da haƙuri, shi da duk wanda ya rantse cewa shi ne. Domin duk makon da aka yi zanen Malam yana gidan 'yarsa yana jinyar ƙafa; abin da Asher ya yi kwana uku yana gaisarwa, mutum-mutumin korar tsuntsaye ne da Fatsuma ta sa wa tsohuwar rigar Malam.